Komoros: Yadda mulki ya riƙa sauya hannu daga 1975 zuwa yau

Tarayyar Komoros ƙaramar ƙasa ce ta tsibirai a Tekun Indiya, a bakin mashigin ruwan da ya raba Mozambik da Madagaska. Faɗin ƙasar da take iko da ita bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba, jama'arta kuma sun ɗan haura 800,000, kusan dukkansu Musulmi. Da kanumfari da banila da man furen ilang-ilang, wanda ake haɗa turare da shi, aka fi saninta a kasuwannin duniya. A fagen siyasa kuwa da juyin mulki aka fi saninta, domin tun daga samun 'yancin kai a 1975 an kifar da gwamnati ko an yi yunƙurin kifar da ita fiye da sau 20.

Tsibiran guda huɗu ne. Akwai Ngazija, wanda Faransawa ke kira Grande Comore, inda babban birnin ƙasar, Moroni, yake. Akwai Anjuwan, mafi cunkoson jama'a a cikin ukun da ke ƙarƙashin gwamnatin Moroni. Akwai Moheli, ƙaramin cikinsu. Na huɗun, Mayot, yana hannun Faransa har yau, ko da yake tutar Komoros na ɗauke da taurari huɗu, ɗaya nasa ne.

Wanda ya bi jerin shugabannin ƙasar zai ga cewa rigima guda ce ke ta komowa da sabuwar fuska: wane tsibiri ne zai riƙe mulki, kuma me zai rage wa sauran. Sai da ƙasar ta shekara 31 da samun 'yanci kafin wani zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓen mulki cikin lumana.

Kafin 'yancin kai

Kafin zuwan Turawa, sarakunan Musulmi ne ke mulkin tsibiran, kuma a Ngazija kaɗai akwai masarautu da dama da ba sa ga-maciji da juna. Faransa ta fara samun gindin zama a Mayot a 1841, ta sanya sauran ukun ƙarƙashin kariyarta a 1886, sannan a 1912 ta mayar da su yankin mulkin mallaka da ake gudanarwa daga Madagaska. A 1946 aka raba su da Madagaska, a 1961 kuma aka ba su ikon gudanar da harkokin cikin gida.

Said Mohamed Cheikh, wanda likita ne, shi ya fara jagorantar wannan gwamnati ta cikin gida, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1970. A zamaninsa ne aka kammala ɗauke hedikwatar mulki daga Dzaoudzi da ke Mayot zuwa Moroni. Mutanen Mayot ba su taɓa yafe wannan ba. Ofisoshi sun tashi, albashi da kwangila sun bi su, kuma tun daga lokacin tsoron danniyar manyan tsibirai ya shiga zukatansu. Matan tsibirin, ƙarƙashin jagorancin Zéna M'Déré, sun shahara da wata irin zanga-zanga ta musamman: su kewaye jami'in da aka turo daga Moroni su yi ta yi masa cakulkuli har sai ya nemi hanyar komawa inda ya fito.

Bayan Cheikh, Yarima Said Ibrahim ya hau, daga baya Said Mohamed Jaffar ya yi 'yan watanni, sannan a ƙarshen 1972 mulki ya faɗa hannun Ahmed Abdallah, wani hamshaƙin ɗan kasuwa daga garin Domoni na Anjuwan, wanda ya ci zaɓe da alƙawarin kai ƙasar ga 'yanci.

Shugaban wata ɗaya

A ranar 22 ga Disamba, 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu zaɓe a tsibiran huɗu suka zaɓi 'yancin kai, amma a Mayot fiye da kashi 60 cikin 100 suka ce a bar su da Faransa. Majalisar dokokin Faransa ta fito da dokar da ta ce sai kowane tsibiri ya amince da kundin tsarin mulki shi kaɗai. Abdallah ya gane cewa wannan hanya ce ta yanke Mayot, don haka bai tsaya jiran Paris ba: ranar 6 ga Yuli, 1975 ya ayyana 'yancin kai na gaba gaɗi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a watan Nuwamban wannan shekara a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu. A watan Fabrairun 1976 Faransa ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu don toshe ƙudurin da ya shafi Mayot, ta kuma shirya wata ƙuri'ar a tsibirin inda mazaunansa suka sake zaɓar zama da ita. A 2011 Mayot ya zama cikakkiyar gunduma ta Faransa.

Abdallah bai cika wata guda a kan kujera ba. Ranar 3 ga Agusta, 1975, yana Anjuwan, gamayyar 'yan adawa ta ƙwace Moroni da 'yan bindigogi kaɗan. Aka ɗora Said Mohamed Jaffar a matsayin shugaba, amma kowa ya san mai faɗa a ji shi ne Ali Soilih, wani matashin masanin aikin gona. Da yake Abdallah ya kafe a tsibirinsa, sai sababbin masu mulki suka ɗauko hayar wani Bafaranshe mai suna Bob Denard, wanda ya yi aikin sojan haya a Kongo da Yaman, ya je ya kamo shi. Wannan ce shigar Denard ta farko cikin siyasar Komoros, kuma shekara 20 cur aka yi ana fama da shi.

Juyin juya halin Ali Soilih

A watan Janairun 1976 Soilih ya karɓi shugabancin kai tsaye. Ya tarar da baitulmali wayam, domin Faransa ta janye ma'aikatanta da tallafinta. Shi kuma ya zo da niyyar rushe tsarin zaman jama'a na gargajiya, wanda yake ganin shi ne ya daƙile ƙasar.

Ya yi wa babban aure, wanda mutanen Ngazija ke kira anda, taƙunƙumi. Wannan biki ne da magidanci kan tara dukiyar shekaru masu yawa domin yinsa, kuma sai wanda ya yi shi ke da bakin magana a dandalin gari. Ya taƙaita kashe kuɗi a zaman makoki, ya hana mata lulluɓi, ya rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 14. A 1977 ya rushe ma'aikatun gwamnati, aka ƙona takardun mulkin da aka gada daga Turawa, aka raba ƙasar zuwa ƙananan gundumomi. Aiwatar da wannan duka ya faɗa hannun ƙungiyoyin samari, waɗanda suka riƙa tozarta dattawa da malamai a bainar jama'a.

Masifu kuma suka zo a jere. A Disamban 1976 aka yi wa 'yan Komoros mazauna birnin Majunga na Madagaska kisan gilla, aka kwaso dubbai zuwa gida ba tare da wurin ajiye su ba. A 1977 dutsen Karthala ya yi aman wuta. Ƙuri'ar amincewa da aka yi masa a ƙarshen wannan shekara ta ba shi kashi 55 cikin 100 kacal, abin da ke nuna yadda goyon bayansa ya zaizaye.

Har yau ana jayayya a kan Soilih a Komoros. Wasu na tuna shi a matsayin shugaba ɗaya tilo da ya yi yunƙurin karya ikon manyan gidaje, ya kuma buɗe wa mata da matasa ƙofa. Wasu kuma ba abin da suke tunawa sai wulaƙanci da yunwa.

A daren 13 ga Mayu, 1978 Denard ya dawo a wani jirgin kamun kifi da mutum kusan 50. Wannan karon Abdallah ne, wanda ke gudun hijira a Faransa, ya ɗauko shi. Cikin sa'o'i kaɗan gwamnati ta faɗi. Ranar 29 ga Mayu aka harbe Soilih, aka ce wai ya yi yunƙurin tserewa.

Abdallah da dogarawansa

Abdallah ya komo, da farko a shugabancin haɗin gwiwa da Mohamed Ahmed, sannan daga Oktoban 1978 shi kaɗai. Aka sauya wa ƙasar suna zuwa Jamhuriyar Musulunci ta Tarayyar Komoros, aka mayar da al'adun da Soilih ya hana, aka gyara dangantaka da Paris. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, ba ta ji daɗin abin ba, har ta kori wakilan Komoros daga taron ƙolinta na Khartum a wannan shekara saboda rawar sojojin haya.

Tarayyar ta takarda ce kawai. A 1982 aka mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, Abdallah kuma ya sake cin zaɓe a 1984 ba tare da abokin hamayya ba. Ƙarfin gwamnatin ya dogara ne da rundunar dogarawan fadar shugaban ƙasa, mai ɗaruruwan sojoji ƙarƙashin hafsoshi Turawa, wadda Denard ke juyawa. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ce ke biyan kuɗin rundunar, ita kuma ta samu wurin leƙen asiri a mashigin Mozambik da hanyar kauce wa takunkumin da duniya ta ƙaƙaba mata. Denard ya ce ya musulunta, ya ɗauki sunan Said Mustapha, ya yi aure a ƙasar, ya kafa harkokin kasuwanci.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 lissafi ya canza. Faransa da Afirka ta Kudu duk sun gaji da shi. A farkon Nuwamban 1989 Abdallah ya shirya ƙuri'ar da ta ba shi damar tazarce, amma a daren 26 ga wannan wata aka harbe shi a fadarsa, Denard yana wurin. A tsakiyar Disamba Faransa ta tilasta wa Denard ficewa zuwa Afirka ta Kudu. Bayan shekara goma wata kotu a Paris ta wanke shi daga zargin kisan.

Djohar, Taki da ɓallewar tsibirai

Bisa tsarin mulki, shugaban Kotun Ƙoli, Said Mohamed Djohar, ya hau riƙon ƙwarya. Ɗan'uwan Ali Soilih ne, uwarsu ɗaya. A Maris na 1990 ya kayar da Mohamed Taki Abdoulkarim a zaɓen farko da aka yi tsakanin 'yan takara da yawa. Mulkinsa ya kasance na sauya firaminista a kai a kai, da bashin albashin ma'aikata, da zarge-zargen almundahana. Kotun Ƙoli ta yi yunƙurin tsige shi a 1991, wasu sojoji kuma suka gwada sa'arsu a 1992.

A ƙarshen Satumban 1995 Denard, yana da shekara 66, ya sake saukowa da mutum 30 da 'yan kai, ya kama Djohar. Wannan karon Faransa ta turo dakarunta cikin mako guda, Denard ya miƙa wuya. Sai dai abin da ya biyo baya ya bar tambaya a bakin mutane: maimakon a mayar da Djohar kan kujerarsa, sai aka kai shi tsibirin Réunion da sunan jinya, Firaminista Caabi El-Yachroutu ya riƙe ƙasar. Bai dawo ba sai a Janairun 1996, lokacin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Denard kuwa ya rasu a Faransa a 2007, bayan kotu ta same shi da laifi a kan wannan juyin mulki na ƙarshe.

Taki, ɗan Ngazija, ya ci zaɓen Maris na 1996, ya kuma kawo sabon kundin tsarin mulki da ya ƙara tattara iko a Moroni. A nan tura ta kai bango. Mutanen Anjuwan, waɗanda ke noma yawancin kanumfari da ilang-ilang, kuma tashar jiragen ruwa mafi zurfi ta ƙasar ke garinsu na Mutsamudu, sun daɗe suna kukan cewa su ke nema, Moroni ke ci. Ga kuma Mayot, mai nisan kilomita 70 kacal, inda albashin Faransa da asibitocinta ke gani da ido. Tun 1995 Faransa ta sanya wa 'yan sauran tsibiran biza kafin shiga Mayot, kuma dubban mutane sun halaka a teku a ƙananan kwale-kwalen da ake kira kwasa-kwasa.

A watan Agustan 1997 Anjuwan ya ayyana ɓallewa, Moheli ya bi sahu. A Mutsamudu an ɗaga tutar Faransa, ana roƙon tsohuwar uwargijiya ta dawo, abin da ba a saba gani ba a tarihin Afirka. Faransa ta ƙi. Sojojin da Taki ya tura a watan Satumba suka sha kashi. Shi kansa ya rasu kwatsam ranar 6 ga Nuwamba, 1998, Tadjidine Ben Said Massounde ya hau riƙon ƙwarya.

A Afrilun 1999 OAU ta tara ɓangarorin a Antananarivo, amma wakilan Anjuwan suka ƙi sa hannu. Tarzoma ta ɓarke a Moroni, aka far wa 'yan Anjuwan mazauna birnin. Ranar 30 ga Afrilu babban hafsan sojojin ƙasar, Kanar Azali Assoumani, ya karɓe mulki ba tare da zubar da jini ba, yana cewa ya yi ne don hana ƙasar wargajewa.

Yarjejeniyar Fomboni da tsarin karɓa-karɓa

Ranar 17 ga Fabrairu, 2001 aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a Fomboni, babban garin Moheli. Daga gare ta aka samu kundin tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi a Disamban wannan shekara, wanda ya haifar da Tarayyar Komoros ta yanzu.

Jigon kundin shi ne karɓa-karɓa, kuma an rubuta shi ƙarara a cikin doka. Shugabancin tarayya zai riƙa zagayawa tsakanin tsibirai, kowanne wa'adi ɗaya na shekara huɗu. Idan layi ya zo kan tsibiri, mazaunansa kaɗai ne za su yi zaɓen share fage, su fitar da mutum uku da suka fi ƙuri'a, sannan ƙasa baki ɗaya ta zaɓi ɗaya daga cikinsu. Ta haka ɗan Moheli, tsibirin da jama'arsa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ba, zai iya zama shugaba, abin da lissafin yawan ƙuri'a ba zai taɓa ba shi ba. Kowane tsibiri kuma ya samu nasa shugaban, da majalisarsa, da kundinsa.

Tsarin yana da tsada. Ƙasar da ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba ta wayi gari da shugabanni huɗu da majalisu huɗu da tarin ministoci, kaso mai tsoka na kasafin kuɗi yana tafiya a kansu. An kuma yi ta sa-in-sa a kan wanda zai karɓi kuɗin kwastan da wanda zai juya jami'an tsaro, har sai da Shugaba Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ya shiga tsakani a Disamban 2003. Duk da haka tsarin ya yi abin da aka ƙirƙiro shi dominsa: ya hana ƙasar rabuwa.

Ngazija ne ya fara. Azali ya sauka a Janairun 2002 don ya tsaya takara, Hamada Madi Boléro ya riƙe ƙwarya. Abokan takararsa biyu sun ƙaurace wa zagayen ƙarshe, aka ayyana shi a matsayin wanda ya ci, aka rantsar da shi ranar 26 ga Mayu. Tun daga nan wannan rana ta zama ranar rantsar da shugaban ƙasa.

Sambi da Dhoinine

A 2006 layi ya zo kan Anjuwan. Ahmed Abdallah Mohamed Sambi, malamin addini kuma ɗan kasuwa da ya yi karatu a Saudiyya da Sudan da Iran, wanda ake yi wa laƙabi da Ayatullah, ya ci zaɓe da kashi 58 cikin 100. Azali ya miƙa masa mulki ya koma gida.

Babban ƙalubalen Sambi daga tsibirinsa ya fito. Kanar Mohamed Bacar, wanda ya ƙwace Anjuwan a 2001 kuma aka zaɓe shi shugaban tsibirin a 2002, ya ƙi sauka da wa'adinsa ya ƙare. A Yunin 2007 ya buga nasa katunan zaɓe, ya shirya nasa zaɓen, ya ce ya samu kashi 90 cikin 100. Tarayyar Afirka ta sanya takunkumi, bai yi tasiri ba. Ranar 25 ga Maris, 2008 sojojin Komoros tare da dakarun Tarayyar Afirka, galibi daga Tanzaniya da Sudan, suka sauka Anjuwan ta teku, suka karɓe tsibirin cikin kwana guda. Bacar ya tsere zuwa Mayot a ƙaramin jirgin ruwa, daga bisani ya samu mafaka a Jamhuriyar Benin.

Da ƙarfin wannan nasara Sambi ya shirya ƙuri'ar raba gardama a Mayun 2009. Shugabannin tsibirai suka koma gwamnoni, aka rage musu iko, wa'adin shugaban tarayya kuma ya koma shekara biyar. Mutanen Moheli, waɗanda ke jiran nasu layin a 2010, suka ɗauki wannan a matsayin dabarar tazarce, suka fito kan tituna. Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa wa'adin Sambi ya ƙare a Mayun 2010, amma ya ci gaba da riƙo har bayan zaɓen da aka yi a ƙarshen shekarar.

Mataimakinsa, Ikililou Dhoinine, masanin haɗa magunguna, shi ya yi nasara, aka rantsar da shi ranar 26 ga Mayu, 2011, ɗan Moheli na farko da ya shugabanci ƙasar. Mulkinsa bai yi amo sosai ba. Gwamnatinsa ta ce ta daƙile wani yunƙurin juyin mulki a 2013, ya kammala shekara biyar ɗinsa, ya sauka. Da saukarsa karɓa-karɓa ya kammala zagaye guda cikakke.

Dawowar Azali da sauyin 2018

A 2016 layi ya komo Ngazija. Sambi ya so tsayawa, kotu ta hana shi saboda ba lokacin tsibirinsa ba ne. Sai jam'iyyarsa ta Juwa ta mara wa Azali baya a zagayen ƙarshe, ya kayar da mataimakin shugaban ƙasa, Mohamed Ali Soilihi, da ƙyar: kashi 41 da kusan kashi 40, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna na Anjuwan. Ƙawancen bai daɗe ba.

A Afrilun 2018 Azali ya dakatar da Kotun Tsarin Mulki, ya mayar da aikinta ga Kotun Ƙoli. Ranar 30 ga Yuli ya gabatar wa jama'a gyaran kundin tsarin mulki. Ba a soke karɓa-karɓa da suna ba, amma an ba shugaba damar yin wa'adi biyu a jere, ke nan tsibiri zai iya riƙe mulki shekara goma. An soke muƙaman mataimakan shugaban ƙasa, waɗanda ta hanyarsu ne sauran tsibiran ke da wakilci a fadar mulki, an kuma soke zaɓen share fage na tsibiri guda. 'Yan adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar, hukuma ta ce fiye da kashi 92 cikin 100 sun amince.

Ga Anjuwan ma'anar a fili take: layin da yake jira a 2021 ya koma 2029. A Oktoban 2018 aka yi kwanaki ana musayar wuta tsakanin sojoji da 'yan bindiga a tsohon garin Mutsamudu. Azali ya kira zaɓe kafin lokaci a Maris na 2019, aka fara lissafin wa'adinsa daga farko, aka ce ya samu kusan kashi 60 cikin 100. Abokan takararsa sun yi watsi da sakamakon, masu sa ido na ƙasashen Afirka ma sun nuna shakku a kan sahihancinsa.

Sambi kuwa tun Mayun 2018 yake tsare a gidansa. Shari'arsa ta samo asali ne daga dokar 2008 da ta ba da damar sayar da takardun zama ɗan ƙasa, musamman ga mutanen da ake kira Bidun, mazauna ƙasashen yankin Gulf da ba su da takardar kowace ƙasa. An zarge shi da karkatar da kuɗin shirin, shi kuma ya musanta. A Nuwamban 2022 Kotun Tsaron Ƙasa, wadda ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta, ta yanke masa ɗaurin rai da rai bisa laifin cin amanar ƙasa. Ya halarci zaman farko kaɗai, ya ce bai yarda da kotun ba. Magoya bayansa na kallon shari'ar a matsayin hanyar kawar da mutumin da ya fi kowa farin jini a Anjuwan.

A waje kuwa tauraron Azali haskawa ya yi. Daga Fabrairun 2023 zuwa Fabrairun 2024 ya shugabanci Tarayyar Afirka, karo na farko da Komoros ta riƙe wannan kujera, kuma a lokacinsa ne aka ba ƙungiyar kujerar dindindin a G20.

Zaɓen 14 ga Janairu, 2024 ya zo da nasa ruɗanin. Hukumar zaɓe ta ce Azali ya samu kusan kashi 63 cikin 100, amma ta ce kashi 16 kacal na masu rajista ne suka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa, alhali a zaɓen gwamnoni da aka yi a rana ɗaya adadin ya ninka haka fiye da sau uku. Kotun Ƙoli ta gyara alƙaluman: ta rage nasararsa zuwa kashi 57, ta ɗaga yawan masu zaɓe zuwa kashi 56. An yi zanga-zanga a Moroni, mutum ɗaya ya mutu, aka sanya dokar hana fita da dare. A watan Satumba wani matashin soja ya kai wa shugaban hari da wuƙa a wurin wata jana'iza, ya ji masa rauni. Washegari hukuma ta sanar cewa an tarar da maharin a mace a inda ake tsare da shi.

A 2024 ɗin ne kuma Azali ya naɗa ɗansa, Nour El Fath Azali, sakataren gwamnati, ya ba shi ikon sa ido a kan ayyukan ministoci. A Janairun 2025 ɗan ya ci kujerar majalisar dokoki a zaɓen da jam'iyya mai mulki, CRC, ta lashe mafi yawan kujeru, bayan wasu manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace masa. 'Yan adawa na zargin ana share wa ɗan hanyar gado ne, fadar shugaban ƙasa kuma ta musanta.

Wa'adin Azali na yanzu zai ƙare a Mayun 2029. Bisa kundin 2018 da shi kansa ya kawo, ba shi da damar sake tsayawa, kuma shugaba na gaba daga Anjuwan ya kamata ya fito. Iyalan Azali kuwa 'yan Mitsoudjé ne, a kudancin Moroni, a tsibirin Ngazija.